Darasi Kan Gama Magunguna Cikin Ƙarin Ruwa

Hakimai da malamansu na ƙasashen Fagam, Gwaram da Birnin Kudu, ku sani ba kowane magani ke zama da ɗan'uwansa cikin ƙarin ruwa ba.

Ruwan Ringer, wanda akan ƙara wa mai amai da gudawa, yana ɗauke da sinadarin kalsiyam. In ya gamu da allurar ceftriaxone sai su yi tsaki-tsaki, waɗanda kan taru a huhu da ƙoda. Wannan ya halaka jarirai, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2007.

Allurar artesunate kuwa, ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, in ta wuce sa'a guda da haɗawa sai a zubar.

Saboda haka ku umurci dagatai su hana masu allurar gida-gida. A kai majiyyaci asibiti.