Darasi na 18: Wa ya taɓa ganin Gizo?

Yara, dukanku kun san Gizo. Kun ji yadda yake yi wa kura wayo, kun ji yadda yake wahalar da matarsa Ƙoƙi. To, wa ya taɓa ganinsa da ido? Babu. Wani ya ce gizo-gizo ne mai ƙafa takwas. Wani ya ce siririn mutum ne mai ƙaton ciki. Kowa da irin Gizonsa.

Gizo ya yi tafiya mai nisa. Tun da daɗewa Hausawa suna bin hanyar gabas zuwa Makka, wasu a ƙasa, wasu bisa jaki ko raƙumi. Da yawa sun zauna ƙasar Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu jama'ar sun bi sawunsu. Jikokinsu sun yaɗu har Hartum da Umdurman, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. A makaranta da Larabci suke karatu. Tatsuniya kuwa daga bakin kakanni take zuwa.

In aka ce yaron Hartum ya zana Gizo, mai yiwuwa ya sa masa farar jallabiya da rawani, ya ɗora shi cikin kwalekwale. Yarinyar Maraɗi kuwa ta zana shi a gindin rumbu, yana satar gero. Wa ya yi daidai? Duka biyun, muddin wayon Gizo da kwaɗayinsa sun fito a zanen.

A Umdurman aka haifi babban mai zane Ibrahim Salahi a 1930. Mahaifinsa malamin allo ne. Ibrahim ya yi karatun zane a Landan. Da ya komo gida, sai ya riƙa sa baƙaƙen Larabci da adon ƙasarsa cikin zanensa. A 2013 aka baje aikinsa a wani babban gidan zane na Landan. Abin da ya tashi yana gani a gida, shi ya ɗaukaka shi.

A 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Iyalai da yawa sun bar gidajensu, littattafai suka ɓace. Amma tatsuniyar da yaro ya riƙe a ka, duk inda ya je tana tare da shi.

Ma'anar kalmomi
Kwaɗayi: son abin daɗi fiye da kima.
Baƙaƙe: haruffan rubutu.

Tambayoyi
1. Yaya Hausawa suka zauna Sudan?
2. Waɗanne koguna suke haɗuwa a Hartum?
3. Me ya sa zanen yaran nan biyu ya bambanta?

Aiki: gasar zane
Ku zaɓi Gizo, ko Ƙoƙi, ko Dodo, ko akun nan na littafin Magana Jari Ce. Da dare ku roƙi kaka ko inna ta yi muku tatsuniya, ku saurara da kyau. Ku yi zanen da alli, ko gawayi, ko tawada. Kada ku kwafi hoton littafi, kada ku leƙi na maƙwabci. Ranar Alhamis malam zai jera zanen a gaban aji. Wanda aka gane halin mutuminsa ba tare da an faɗi sunansa ba, shi ya ci gasa.