Ga Masu Tallafa wa Aikin Ɗaure Mahaifa: Abin Yi da Abin Bari

Kada ku yanka wa ma'aikacin lafiya adadin matan da zai kawo a wata. Wannan ya fi duk sauran nauyi. Indiya ta gwada a zamanin dokar ta-ɓaci, 1975 zuwa 1977, har ana riƙe albashin malaman makaranta sai sun kawo mutane. Aka yi wa miliyoyi tiyatar hana haihuwa, akasarinsu maza talakawa, Firaminista Indira Gandhi kuma ta sha kaye a zaɓen 1977. Taron duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994 ya yi tir da tilastawa, amma abin haushi, bayan taron ne gwamnatin Fujimori a Peru ta ɗaure wa mata sama da 270,000 mahaifa tsakanin 1996 da 2000, da yawansu 'yan ƙauye masu jin Kecuwa, an miƙa musu takardu da Sifaniyanci. Wanda aka ɗora wa lissafi, lissafin zai cika ko ta halin ƙaƙa.

Kada ku ba da kuɗi ko buhun hatsi a bakin tiyata. Mai yunwa ba ta san "a'a" ba.

Kada ku tara mata a sansani don a gama da wuri. A Nuwamban 2014, a Bilasfur ta Indiya, likita ɗaya ya yi wa mata 83 aiki cikin 'yan sa'o'i, mata 13 kuma suka rasu a wannan zagayen. Sai a 2016 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a daina.

Kada ku karɓi sa hannu a kan gadon naƙuda. Kotun Ƙolin Namibiya ta yanke a 2014 cewa wannan ba yarda ba ce. A yi maganar tun lokacin awon ciki, a bar mace ta koma gida ta yi shawara.

Ku faɗa wa mace gaskiya da harshen da take ji: wannan aiki ba na warwarewa ba ne, kuma ba ya kare ta daga cututtukan saduwa. Ku jera mata sauran hanyoyi, ƙwaya da allura da ashanar fata da robar mahaifa, ku tabbata suna nan a kanta, ba a hoton bango kawai ba. Ranar da ta ce a cire mata ashana, a cire, ba sai ta yi ta zarya ba.

Ku yi wa maza maganar nasu aikin. Ɗaure jijiyar maniyyi ya fi na mata sauƙi da ƙarancin haɗari, ba ya kuma taɓa mazakuta, amma kullum mace ake kwantarwa.

Kada ku zagaye malamai. Majalisar Fiƙihun Musulunci, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazarar haihuwa da yardar ma'aurata, ta haramta yanke haihuwa gaba ɗaya sai da lalura. Ku san wannan iyaka kafin ku buɗe baki a garin Musulmi. Kuma kada ku yi komai a ɓoye: a 2003 jita-jitar cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa ta tsayar da rigakafin a Kano har cikin 2004, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.