Mutumin da Ya Fara Ɗaukar Hoton Ƙaton Sikwid da Rai a Mazauninsa

Jama'a, darasinmu na wannan wata ya kai mu ƙasar Japan. Za mu karanta labarin wani masanin halittun teku mai suna Tsunemi Kubodera. An haife shi a shekarar 1951. Ya yi aiki a babban gidan adana kayan kimiyya na birnin Tokyo. Aikinsa shi ne binciken wata dabba da ake kira sikwid.

Mene ne sikwid? Dabba ce ta teku, amma ba kifi ba ce. Ba ta da ƙashi. Tana da hannuwa goma: takwas gajeru, biyu dogaye. Zuciyarta uku, jininta shuɗi, bakinta kamar na aku. Idan ta tsorata, sai ta fesa baƙar tawada ta gudu.

Akwai wani irinta ƙato, wanda idonsa ya kai girman faranti. Yana zaune can ƙarƙashin teku, inda babu hasken rana. Shekara da shekaru masana ba su da hotonsa da rai a mazauninsa. Yawanci gawarsa ake tsinta a bakin teku.

Kubodera da abokin aikinsa, Kyoichi Mori, suka yi dabara irin ta mafarauta. Sun san akwai wata ƙatuwar dabba mai suna wel da ke cin sikwid. Sai suka bi ta zuwa inda take farauta, kusa da tsibiran Ogasawara, kimanin kilomita 1,000 kudu da Tokyo. Suka ɗaura kyamara da abinci a doguwar igiya, suka zura cikin ruwa.

Sun fara a 2002, amma ba su dace ba sai ranar 30 ga Satumba, 2004. Ran nan ƙaton sikwid ya cafki abincin a zurfin mita 900. Ƙugiya ta kama hannunsa. Ya yi fiye da awa huɗu yana kokawa, kyamara tana ta ɗauka. Aka sami hoto sama da 500. Daga ƙarshe hannun ya tsinke, ya tsere. Da aka jawo hannun, tsawonsa mita biyar da rabi, kuma bai daina motsi ba!

A da, wasu masana sun zaci dabbar raguwa ce, sai abinci ya zo gabanta. Hotunan suka nuna ashe da ƙarfi take kai farmaki. A 2012 kuma Kubodera ya shiga ƙaramin jirgi mai nutso, ya gan ta ido da ido, aka ɗauke ta a fim. Mahaƙurci mawadaci.

Tambayoyi
1. Hannuwan sikwid nawa ne?
2. Don me masanan suka bi sawun wel?
3. Me hotunan 2004 suka nuna?