Kukan da Maƙwabta Ke Ji Kafin Hukuma Ta Ji

A watan Agustan 2020 hotunan wani yaro ɗan kimanin shekara 10 daga Birnin Kebbi suka karaɗe Najeriya. An same shi ɗaure a turken dabbobi, ya rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Rahotanni sun ce ya shafe kusan shekara biyu a haka bayan rasuwar mahaifiyarsa. Jama'a sun yi ta Allah wadai da mutanen gidan, kuma sun cancanci hakan. Amma ma'aikatan walwalar jama'a wata tambaya ce ta tsaya musu a rai: gidan nan ba a dokar daji yake ba, to ina maƙwabta suke duk tsawon wannan lokaci?

Mai wannan rubutu tana karɓar ƙorafe-ƙorafen da suka shafi yara a ofishin walwala, kuma da wuya magana ta iso teburinta ba tare da wani ya daɗe da saninta ba. An taɓa kawo mata wata yarinya 'yar riƙo da aka ɗauko daga ƙauye. Malamarta ta Islamiyya ce ta lura tana ɓoye hannun dama a cikin hijabi, tana buɗe littafi da hagu. Da aka duba sai ga ƙuna a bayan hannun. Uwar riƙon ta ce ruwan zafi ne ya zubo mata. Sai dai ruwan zafi fantsama yake yi, ya bar tabo marar tsari, wannan kuwa shatin cokali ne sak, har da mariƙinsa. A gadon bayanta akwai tabon bulala, wani ya warke, wani ɗanye. Da aka zagaya unguwar, gidaje da dama suka ce sun saba jin kukanta da dare, amma ba su so shiga sharo ba shanu ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da tallafin UNICEF ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun gamu da lalata. Waɗanda suka samu taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma akasari wanda ya aikata ba baƙo ba ne, wani ne da yaron ya sani.

Doka tana nan. Najeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, sai dai kowace jiha sai ta amince da ita kafin ta yi aiki a cikinta. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano a 2023. Ma'aikatun mata na jihohi da sassan walwala na ƙananan hukumomi su ke ɗauke da aikin, hukumar NAPTIP kuma tana bibiyar safarar yara da bautar da su a gidaje. Amma jami'an ba su da yawa, kayan aiki ma sun yi ƙaranci, ba za su iya leƙa kowane zaure ba. Abin da aka kawo musu shi suke gani.

Mutane da yawa suna tsoron cewa da zarar sun kai rahoto gwamnati za ta ƙwace yaro, gida ya watse, a ce su ne sila. Ba haka aikin yake tafiya ba. Jami'i yana fara ziyartar gidan, ya gana da yaron shi kaɗai, ya saurari iyaye, sau da yawa tare da mai unguwa. Yana bambance uwar da talauci ya hana ta ciyar da ɗanta da wadda ke hana shi abinci da gangan. Ta farko tallafi take buƙata. Ɗauke yaro mataki ne na ƙarshe, idan rayuwarsa na cikin haɗari, kuma ko a nan kaka ko gwaggo ko kawu ake fara nema kafin a yi zancen gidan marayu. Yarinyar nan mai ƙuna a hannu, wurin kakarta aka mayar da ita.

Inda shiru ya fi yin ɓarna shi ne fyaɗe. Dangi su taru a ce a rufa asiri, a yi wa yarinya wanka, a wanke kayanta, a karɓi kuɗin magani a ce an yi sulhu. Da wannan wankan hujja ta tafi. Ga kuma maganin kariya daga cutar HIV, wanda sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani. Cibiyoyi irin su Salama a Kaduna, Waraka a Kano da Nana Khadija a Sakkwato an buɗe su ne domin irin wannan rana, kuma suna ɓoye sirrin wanda ya zo. Wanda aka yi sulhu da shi a zaure kuwa yana nan cikin unguwa, ga sauran yara suna wucewa ta ƙofarsa.

Wanda ya ga yaro da raunin da bai dace da bayanin da aka yi ba, ko ya ga mai surutu ya koma shiru yana gudun wani babba, ko ɗan da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, ba sai ya tabbatar da laifi ba kafin ya yi magana, tabbatarwa aikin jami'ai ne. Ya je ofishin walwala na ƙaramar hukumarsa, ko sashen mata da yara na 'yan sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ya faɗi abin da ya gani da ranar da ya gan shi, ya kuma nemi a sakaya sunansa idan yana gudun rigima da maƙwabci.