Kafin a ɗora allura a kan tsohon faifan garmaho

Duk wanda ya gaji akwatin faya-fayan garmaho a N'Djamena, tun zamanin da ake kiran garin Fort-Lamy kafin 1973, ya fara da alƙalami tukuna. Faifan nan mai juyi 78 a minti ɗaya da ƙaron wani ƙwaro na Indiya aka yi shi, yana fashewa kamar tangaran, kuma allurar ƙarfe tana cinsa duk lokacin da aka kunna. Don haka a ɗauki hoton tambarin, a rubuta sunan mawaƙi da kamfani, Ngoma ta Kongo ce ko jerin GV na HMV da ya kawo kiɗan Kuba, sannan lambar da aka zana kusa da tambari, domin da ita masana ke gano lokacin ɗaukar waƙar. A tambayi dattawan gida wanda ya sayi faifan da inda ya samo shi. Wannan labarin ba ya jikin faifai.

Wani zai ce ai Louis Armstrong da Bessie Smith suna YouTube, me ya rage? Nasu kam an kwafe su sau da yawa. Amma faifan da aka ɗauka da Hausa ko Larabcin Chadi, mai yiwuwa wanda ke hannunka ne kaɗai ya saura. A jera faya-fayan a tsaye, nesa da kwanon rufi, don zafin Afrilu yana lanƙwasa su. Ƙurar hunturu kuwa a share ta da burushi mai laushi. Kada a sa sifirit, narkar da faifan yake yi.