Yadda ake kula da wanda ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa da mutane

Ranar da aka sako mutum daga daji, gida cika yake yi maƙil. 'Yan barka da arziki na shiga suna fita, wasu na kuka, wasu na hamdala, ana ta "Allah ya kiyaye gaba". Bayan kwana bakwai sai ƙafa ta ɗauke, a bar mutanen gida da wanda ya dawo. A lokacin ne uwa ko mata ko ƙane za su fara lura: ba ya barci, ƙarar babur na sa shi zabura, yana zaune cikin mutane amma hankalinsa ba ya wurin.

Mun ji labarin sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, da fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, da yaran Kuriga a Maris 2024. Waɗanda aka ɗauke a gona ko a hanyar kasuwa, rediyo bai faɗa ba, ba sa ƙirguwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankunan da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga ciwon damuwa zuwa firgicin da ke bin bayan masifa. Akasarinsu ba za su fara ganin likita ba, 'yan uwansu za su fara gani. Saboda haka da 'yan uwa nake magana.

Da farko, a duba jiki

Kafin komai a kai shi asibiti, ko da ya ce lafiyarsa lau. Wanda ya yi makonni yana kwana a ƙasa, yana shan ruwan kududdufi, yana tafiya ba takalmi, akwai yiwuwar ya dawo da zazzaɓin cizon sauro, ciwon ciki ko raunin da ya fara ruɓa. Idan ya daɗe cikin yunwa, kada a cika masa ciki rana ɗaya don tausayi. A fara da kunu da abinci mai sauƙi, kaɗan-kaɗan, a bi shawarar likita. Idan mace ce kuma akwai zaton an ci zarafinta, a gaggauta, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Ko lokacin ya wuce a je, akwai sauran abin da za a duba. Kuma wannan magana ta tsaya tsakaninta da likita da wanda ita ta yarda da shi.

Na biyu, a tsare ƙofa, a kama baki

Wannan shi ne matakin da ya fi mana wuya, domin mu mutane ne masu zumunci. Amma a zaɓi babba ɗaya a gidan ya riƙa karɓar 'yan jaje a zaure, ya yi godiya, ya ce yana hutawa. Kada a zaunar da shi a tsakiyar tabarma kowane baƙo ya ce "to, yaya aka yi?" Wanda ya ba da labarin dukan da aka yi masa sau ashirin a yini, sau ashirin aka sake dukansa. Kada kuma a bari wani ya ɗauke shi bidiyo don Facebook ko TikTok.

Littafin taimakon gaggawa na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2011 ya taƙaita aikin a abu uku: a duba halin da mutum yake ciki, a saurare shi, a haɗa shi da abin da yake buƙata. Babu tilasta ba da labari a ciki. Idan ya so magana, ku ajiye waya ku saurara, kada ku katse shi, kada ku nemi ƙarin bayani don ƙishirwar jin labari. Idan ya yi shiru, ku zauna tare da shi cikin shirun.

Akwai maganganun da niyyarsu alheri ce amma ciwo suke ƙarawa. "Ka manta kawai." "Ai kai ka gode Allah, wane ma kashe shi suka yi." "Namiji da kuka?" Wanda aka kashe abokin zamansa a gabansa sau da yawa yana zargin kansa don ya rayu, sai ga shi ana tuna masa. Mafi muni kuma shi ne lissafin kuɗin fansa a kunnensa: gonar da aka sayar, shanun da suka tafi, bashin da aka ci. Ya sani. Yana kwana da shi. A yi wannan lissafi a inda ba ya ji. Abin da yake buƙatar ji gajere ne: ba laifinka ba ne, muna murna da dawowarka, muna nan.

Na uku, a gaya masa abin da ke faruwa da jikinsa

Mutane da yawa ba firgicin ne kaɗai ke cin su ba, har da tsoron cewa sun fara taɓuwa. A zaunar da shi a yi masa bayani. Idan mutum ya shiga haɗari, ƙwaƙwalwa na sa jiki ya saki sinadaran da ke shirya shi ga gudu ko faɗa: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya yi sama, barci ya ƙaurace. Wannan ne ya raya shi a daji. Matsalar ita ce jikin bai samu labarin cewa an dawo gida ba. Shi ya sa warin hayaƙin itace, ko wata irin murya, ko bugun ƙofa da dare ke mayar da shi can nan take. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mugun mafarki, saurin fushi, mantuwa, ƙin shiga mutane, duk abubuwa ne da aka sani, kuma a wurin mafi yawan mutane suna raguwa da kansu cikin makonni idan an samu kwanciyar hankali.

Na huɗu, abin yi idan firgicin ya taso

Kada ku rungume shi ta baya ko ku riƙe shi da ƙarfi. Riƙo shi ne abin da aka yi masa. Ku tsaya inda yake ganinku, ku sassauta murya, ku kira shi yadda kuka saba: "Yaya, kana gida. Ga Inna can a tsakar gida. Yau Talata." Ku sa ya dafa ƙasa da tafin ƙafarsa, ya ambaci abu biyar da yake gani a ɗakin, huɗu da yake iya taɓawa, uku da yake ji da kunne. Sannan numfashi: ya shaƙa ta hanci yana ƙirga huɗu, ya fitar ta baki a hankali yana ƙirga shida, ku yi tare da shi na 'yan mintuna. Fitar da numfashi a hankali na rage bugun zuciya. Ruwan sanyi a fuska ko alwala ma na taimakawa. Ku koya masa wannan lokacin da yake cikin natsuwa, domin ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife.

Na biyar, a mayar masa da ragamar rayuwarsa

A daji sai an ba shi izini yake ci, yake sha, yake kewayawa. Don haka ku riƙa ba shi zaɓi ko a ƙaramin abu: wane ɗaki zai kwana, a bar fitila ko a kashe, wa zai shigo. A tsayar da lokacin abinci da na kwanciya. A rage shayi da goro da yamma, a nisanta shi da bidiyoyin hare-hare da ke yawo a WhatsApp. Kada a mai da shi majinyaci na dindindin. Ya fara ƙananan ayyuka, ya fita masallaci, ya zauna a majalisa na ɗan lokaci. Wurin da yake tsoro, muddin babu haɗari na gaske, a koma masa sannu-sannu tare da rakiya, domin gudun wuri na ƙara wa tsoro ƙarfi.

A kula da kemis. Ƙwayar barci irin su baliyam tana kawo sauƙin dare ɗaya, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2013 kada a ba da irinta don firgicin farkon masifa, ga kuma saurin kama jiki. Tiramol da kodin da wiwi kuwa rami ne na biyu.

Yara nasu daban ne: fitsarin kwance ya dawo, su manne wa uwa, su riƙa wasan 'yan bindiga. Kada a doke su. A bar su su yi wasa da zane, a mayar da su makaranta da zarar sun iya, a sanar da malaminsu.

Na shida, addu'a da magani tare

Addu'a, karatu da zikiri suna sanyaya zuciyar mai imani, kuma ba na ganin dalilin raba su da asibiti. Abin da nake roƙo shi ne kada a ce masa rashin tawakkali ne ya hana shi barci, kamar yadda ba a gaya wa mai karaya haka. Duk wurin da za a ɗaure shi da mari ko a doke shi da sunan cire aljani, kada a kai shi.

Na bakwai, a san ranar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa

Idan wata ɗaya ya wuce abin bai ragu ba, ko yana hana shi aiki da zaman iyali, lokaci ya yi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Wanda yake nesa ya fara da babban asibitin da ke kusa, ya nemi a tura shi gaba. Babban maganin wannan ciwo zama ne da ƙwararre, mako-mako, ana bin abin da ya faru a tsanake har tunawa da shi ta daina girgiza jiki. Wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncin mai irin wannan lalura da hana nuna masa wariya.

Wasu alamun ba a jira musu wata ɗaya: ya daina ci da sha, yana jin muryoyin da babu, yana neman cutar da wani, ko yana cewa gara ma ya mutu. Idan kun ji irin wannan, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. Ku kawar da maganin ƙwari na gona da fiya-fiya da igiya da makami, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi asibiti a ranar.

Mai jinya kuma ya duba kansa. Matar da ta yi wata biyu tana amsa wayar 'yan bindiga, tana jin kukan mijinta ana dukansa don a matsa mata, ita ma ta ga abin da ta gani. A raba kwanan jinya tsakanin mutum biyu ko uku, kuma ranar da za a je asibiti a yanki kati biyu.