Daga Randar Ƙasa Zuwa Tangaran da Haske Ke Ratsawa

Duk wanda ya tashi a Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili kuwa shi ne jikin randa cike yake da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa kan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. To, waɗannan ƙofofi da suka zama alheri ga randa, su ne babban cikas ga masana masu ƙera tangaran da haske ke ratsawa kamar gilashi.

Mai ginin tukwane ba ya narkar da yumɓu. Wutar kara da itace da wuya ta wuce digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, wanda ya isa ya manne tsabar yumɓu da juna a inda suka taɓa, amma guraben da ke tsakani suna nan. Wannan shi muke kira gashin curewa. In zafi ya ƙaru, sai ƙwayoyin zarra su riƙa ƙaura suna cike guraben, abin ya tsuke, ya ƙara ƙarfi.

Haka ake yi wa zirkoniya, wato wani farin gari da ake tacewa daga yashin zirkon, irin wanda ake samu tare da kuza a tsaunukan Jos. Ba ta narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 2,700, saboda haka akan danne garin a mazubi, a gasa shi tsakanin digiri 1,300 da 1,500. Sai dai akwai matsaloli biyu.

Ta farko, yayin da tsantsar zirkoniya ke hucewa, tsarin zarrarta kan sauya, ta kumbura da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ta tsage. Maganin wannan shi ne a gauraya ta da wani sinadari mai suna itiriya.

Ta biyu ta shafi haske. Ku dubi kumfar sabulu: ruwa garai yake, iska ma haka, amma kumfa fara ce fat. Duk sa'ad da haske ya fita daga ruwa ya shiga iska sai ya karkace, in ya yi haka sau dubbai sai ya watse. Kowace ƙofa a jikin tangaran tamkar kumfa guda ce. Kafin a iya karanta rubutu ta cikin zirkoniya, sai guraben iska sun gaza kashi 1 cikin 10,000. Gaggawa kuwa ɓarna take yi, domin in wuta ta yi yawa tsabar kan girma da sauri ta haɗiye ƙofofin, su kasa fita. Don haka akan sake gasa ta cikin iskar agon, a matsin da kan kai ninki 2,000 na iskar da muke shaƙa.

Amfaninta ya iso bakinmu. Ɓawon haƙorin mutum yana barin haske ya ɗan ratsa shi, shi ya sa haƙorin roƙo mai duhu ke tona kansa. Zirkoniya mai itiriya kashi 3 cikin 100 tana da ƙarfi ainun, amma haskenta kaɗan ne, ta dace da turame. Mai kashi 5 ta fi kama da haƙorin gaske, sai dai ta fi saurin karyewa. Dole likita ya zaɓa tsakanin ƙarfi da kyau.

Ga aiki ga ɗalibai da malamansu. A samo busasshen tsingaron tulu da ɓallin kofin tangaran, a auna nauyin kowanne, a jiƙa su kwana guda, a goge, a sake aunawa. Ƙarin nauyin shi ne ruwan da ya shiga ƙofofi. Wanne ya fi shan ruwa? Me wannan ke nuna muku game da wutar da aka gasa kowannensu?